Lissafin Wuta A Ƙasar Waca: Yadda Siririyar Waya Ke Cinye Batir Ta Kuma Jawo Gobara

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Waca da ke gundumar Magarya a ƴan shekarun nan, ko ya zarce zuwa wajajen Dungas, zai lura da wani abu wanda a da sai a gidan likita ko gidan wani babban ma'aikaci ake ganinsa, wato allon nan mai ɗaukar hasken rana da muke kira panno, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke ce masa sola. Yau ga shi bisa rufin shago, ga shi an jingine shi jikin rumbu, ga shi a bakin rijiyar lambu. Kusa da shi kuma akwai batir, sai wayoyi da aka ja zuwa ɗaki, ko zuwa rumfar mai cajin salula.

Wannan ci gaba ne, babu mai musu. A ƙasa irin tamu Nijar, inda kusan mutum ɗaya ne kawai cikin biyar yake samun wutar lantarki, a karkara ma abin ya fi haka ƙaranci, panno da batir sun raba mutane da yawa da fitilar aci-balbal da sayen kananzir. To amma mu da muke gabatar da shirye-shirye a gidan rediyo, da wuya mako ya wuce ba mu samu mai kiran waya yana kuka da ɗayan abubuwa uku ba: ko batir sabo ya mutu kafin shekara, ko fitila ta dushe tun kafin sallar isha'i, ko kuwa waya ta narke har ta kusa ƙona ɗaki. Da muka bi diddigin lamarin, sai muka tarar akasarin wannan asara tana da nasaba da wani ɗan lissafi guda biyu da aka koya mana a koleji, muka rubuta shi ranar jarrabawa, muka bar shi a can.

Abin da ya faru da wani mai cajin salula

A hunturun da ya wuce ne wani matashi daga wani ƙauye na ƙasar Waca ya kira mu cikin shirinmu na dare. Sana'arsa cajin salula, kuma da ita yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ya ce batirinsa na cikin ɗaki saboda tsoron ɓarayi, rumfar da yake aiki kuwa tana bakin hanya, tazarar kamar mita 10. Sai ya sayi siririyar waya irin ta araha ya ja wuta daga ɗakin zuwa rumfa. Da kasuwa ta ɗan buɗe, ya ƙara da talabijin da fanka domin masu kallon ƙwallo. Wata rana da almuru sai aka ji warin roba, kafin a ankara zanar rumfar ta kama. Allah ya sa maƙwabta suna kusa aka kashe wutar, amma salular mutane da dama ta ƙone, kuma shi aka ɗora wa biya.

Wasu sun ce masa batirin ne jabu, wasu kuma suka ce ya nemi tsari, baki ne. Mu dai sai muka nemi wani dattijo mai gyaran rediyo da ya daɗe yana haɗa wuta a Damagaram, muka roƙe shi ya raka mu ƙauyen. Da muka isa, abin mamaki, sai muka tarar yaron ya sake kafa rumfa, ya kuma sake jan wutar da irin waccan wayar, har da wani wuri da ya murɗe waya biyu ya ɗaure da leda. Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ɗan ƙaramin awon wuta ya fito da shi daga aljihu, irin mai igiya biyu, ja da baƙa, ya ce: "Yaro, kunna kayanka duka, yau za ka ga ɓarawon da ke shiga maka ɗaki." Kafin mu faɗi abin da awon ya nuna, ya kamata mai karatu ya san abubuwan da ake aunawa.

Bolt, amper, om da wat

Mutanen ƙasar Waca masu noman rani ne, masu rake da kayan lambu a fadamun Korama, saboda haka ba sai an yi musu dogon bayani a kan injin ban-ruwa da tiyo ba. Idan inji yana tura ruwa, akwai abubuwa uku. Na farko ƙarfin turin da injin ke yi. Na biyu yawan ruwan da ke gudu cikin tiyo. Na uku kuwa yadda tiyon ke turje wa ruwan, domin dogon tiyo siriri ba ya barin ruwa ya wuce kamar gajere mai faɗi.

Haka wutar lantarki take. Ƙarfin turi shi ake aunawa da bolt. Batirin mota ko na panno bolt 12 ne, wutar Nijelek da ke shiga gidaje kuwa bolt 220. Yawan wutar da ke gudu cikin waya ana auna shi da amper. Turjiyar da waya ko fitila ko wani kayan wuta ke yi wa wannan gudu ana auna ta da om. Sai na huɗu, wato ƙarfin aikin da wutar ke yi, ko haske ne, ko zafi, ko juya fanka, wanda ake aunawa da wat, kuma shi ne adadin da aka fi rubutawa a jikin kaya.

Waɗannan sunaye duka na mutane ne. Bolt ya samo asali daga Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800. Amper daga André-Marie Ampère ne, Bafaranshe. Wat daga James Watt ne, mutumin Sikotlan da ya shahara wajen gyara injin tururi. Om kuwa daga Georg Simon Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe, wanda a 1827 ya wallafa littafin da ya bayyana dangantakar da ke tsakanin turi da gudu da turjiya. Da farko manyan masanan ƙasarsa ba su ɗauki aikin nasa da muhimmanci ba, sai daga baya aka gane darajarsa.

Lissafin guda biyu ne kacal. Na farko: idan kana son sanin wat, ka ninka bolt da amper. Na biyu: idan kana son sanin om, ka raba bolt da amper. Waɗanda suka yi lakkwal a nan Nijar za su tuna ana rubuta su P = U × I da kuma R = U ÷ I. A makarantun Najeriya harafin V suke sa wa a madadin U, amma maganar ɗaya ce.

Ga misali. Fitilar mota da aka haɗa da batir mai bolt 12, aka auna aka ga tana jan amper 2. Bolt 12 sau amper 2 ya ba da wat 24, shi ne ƙarfinta. Bolt 12 a raba da amper 2 ya ba da om 6, ita ce turjiyarta. Idan wani ya jera batir biyu suka zama bolt 24 ya haɗa wannan fitilar, to 24 a raba da 6 zai ba da amper 4, sa'annan 24 sau 4 zai ba da wat 96. Wato an ninka turi sau biyu, ƙarfi ya ninku kusan sau huɗu, nan take fitilar za ta ƙone. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake son mutum ya duba bolt ɗin da aka rubuta a jikin kaya kafin ya haɗa su.

Haka nan idan ka san wat da bolt, kana iya gano amper, sai ka raba wat da bolt. Butar dafa ruwa mai wat 2,200 a kan wutar bolt 220 tana jan amper 10, turjiyarta kuma om 22. Cajar salula da aka rubuta mata bolt 5 da amper 2, wat 10 ke nan.

Abin da awon ya nuna

To, mu koma rumfar matashin nan. Kayan da ya kunna su ne talabijin mai wat 50, fanka mai wat 30, caja uku masu wat 10 kowace, da ƙwan fitila biyu masu wat 5. Jimilla wat 120. A raba 120 da bolt 12, kayan suna neman amper 10, kuma kusan haka awon ya nuna.

Dattijon ya fara aunawa a bakin batir cikin ɗaki, ya samu bolt 12 da rabi. Ya fito rumfa ya auna a ƙarshen waya, sai ga bolt 8. Wato bolt 4 da rabi sun salwanta a hanya. Nan ya tsuguna ya yi lissafin a ƙasa da yatsa. Batir yana fitar da 12 da rabi sau 10, wato wat 125. Abin da ke isa ga kaya 8 sau 10 ne, wato wat 80. Saura wat 45 fa? Waya ce ke cinye su, tana mayar da su zafi. Ke nan fiye da kashi ɗaya cikin uku na wutar da pannon ya wuni yana tarawa yana tafiya a banza ne tsakanin ɗaki da rumfa. Nan yaron ya gane dalilin da ya sa talabijin ke ɗaukewa da zarar ya kunna fanka, da kuma dalilin da ya sa batirin ke saurin sauka.

Daga nan dattijon ya auna gefe da gefen wurin nan da aka murɗe aka ɗaure da leda, ya samu bolt 1 na faɗuwa a wurin kaɗai. Bolt 1 sau amper 10, wat 10 ke nan. Mai karatu zai iya cewa wat 10 ai ba wani abu ba ne. Amma wat 10 ne da suka taru a wuri ɗaya wanda bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, a ƙarƙashin leda, jikin zana busasshiya, cikin iskar hunturu. Da muka taɓa wurin sai da muka janye hannu. Idan zafin ya narkar da robar, wayoyin biyu suka haɗu, babu sauran abin da ke tare wuta, domin turjiya ta kusa komawa babu. Batir kuwa a irin wannan hali yana iya sakin ɗaruruwan amper cikin ƙiftawar ido, waya ta yi jajir kamar ƙarfen maƙera. Dattijon ya ce ba ya shakka ta nan gobarar farko ta tashi.

Me ya sa wayar gari ba ta yi wa batir

Matashin ya yi wata tambaya wadda muke jin da yawa daga cikin masu karatu za su yi. Ya ce: "Baba, ai irin wannan wayar na gani a Magarya, a gidajen da ke da wutar Nijelek, kuma ba ta yin zafi." Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne gaba ɗayan maganar take.

Wayar tasa kaurinta milimita 1 ne, kamar yadda ake rubuta kaurin waya a jikin ƙunshinta. Wuta kuma zuwa take ta dawo, saboda haka tazarar mita 10 tana nufin waya mita 20. Wayar tagulla mai wannan kauri da wannan tsawo tana da turjiya wajen om 0.35. Idan kayan wat 120 suna kan wutar bolt 220, abin da za su ja bai fi rabin amper da kaɗan ba, wato 0.55. A nan bolt ɗin da zai faɗi a hanya bai kai ko rubu'in bolt ɗaya ba, asarar kuma wajen kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya ce kawai. Amma kayan wat 120 ɗin nan a kan bolt 12 amper 10 suke ja, wato ninki 18. Zafin da waya ke yi kuwa ba ya bin amper sau ɗaya, sau biyu yake binsa: om sau amper, a sake ninkawa da amper. Masanin nan na Ingila, James Joule, shi ya tabbatar da haka wajajen 1840. Don haka 0.35 sau 10 sau 10 ya ba da wat 35. Waya ɗaya, kaya ɗaya, amma asarar ta ninku fiye da sau 300.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda wutar batir ba ta jan mutum, to kowace waya ma ta isa. Lissafi kuwa ya nuna akasin haka: ƙaramin bolt shi ya fi buƙatar waya mai kauri. Da matashin ya sa waya mai kaurin milimita 6, da turjiyar ta sauka zuwa wajen om 0.06, asarar ta koma kamar wat 6. In kuwa kuɗin wannan waya sun yi masa yawa, sai ya matso da batir kusa da kaya, domin rage tsawo da rabi rage turjiya ne da rabi. Shawarar da ya ɗauka ke nan, ya yi wa batirin akwati mai kwaɗo da ƙofofin shan iska a cikin rumfar.

Akwai kuma wani abin lura. Ba duk wayar da ke ja ce tagulla ba. Akwai wadda cikinta sanholo ne aka yi mata rufin tagulla, kuma turjiyar sanholo ta fi ta tagulla da fiye da rabi. A kankare bakin wayar da wuƙa, in aka ga fari a ciki, to an san abin da aka saya. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Wannan dalili ne ya sa manyan layukan wuta suke ɗauke da bolt mai yawan gaske. Layin da ke kawo wuta daga Katsina ya bi ta Gazawa zuwa Maraɗi da Damagaram bolt 132,000 ne, haka ma wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. A lissafi mai sauƙi, wat miliyan ɗaya a kan bolt 220 zai buƙaci amper fiye da 4,500, wanda babu wayar da za ta kai shi ko'ina. A kan bolt 132,000 kuwa bai kai amper 8 ba. Sai an zo kusa da gari ake sauke shi da taransifoma. Injiniyoyin da suka ja waɗannan layuka da dattijon da ya tsuguna a ƙasa, lissafi ɗaya suke yi.

Batir rumbu ne, sai an san abin da ke ciki

Kuka na biyu da muke yawan ji shi ne mutuwar batir. A jikin batir ana rubuta wani adadi da haruffa Ah, ma'anarsa amper nawa zai iya bayarwa cikin awa nawa. Batir mai 100 Ah da bolt 12, in aka ninka, yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya. Amma batirin darma, wanda shi ne aka fi samu a karkara, ba a son a ci fiye da rabinsa, in ana son ya yi ƙarko. Kamar rumbu ne da ake barin iri a ciki. Ke nan abin da mai gida ke da shi a dare ɗaya wajen 600 ne.

Sai ya zauna ya yi kasafi. Ƙwan fitila 4 masu wat 5 na awa 5, 100 ke nan. Fanka mai wat 30 na awa 8, 240. Talabijin mai wat 40 na awa 4, 160. Cajin salula 10, a ƙiyasta 100. Jimilla 600, rumbu ya kai iyakarsa. Duk abin da aka ƙara a kan haka, daga ran batir ake ciro shi. Idan kuwa wani ya sayi na'urar da ke mayar da wutar batir ta koma bolt 220, wadda wasu ke kira inbata, ya haɗa dutsen guga mai wat 1,000, to ya sani a ɓangaren batir 1,000 za a raba da 12, amper fiye da 83 ke nan. Cikin rabin awa da ɗoriya ya cinye kason dare gaba ɗaya, in ma wayar ta jure. Firij da injin jan ruwa kuma suna da nasu hali, domin a lokacin tashi suna jan amper ninkin-ba-ninkin abin da aka rubuta musu, saboda haka a bar musu rara.

Shi ma panno ana yi masa lissafi. A bayansa akwai takarda da ke nuna bolt da amper ɗin da yake bayarwa in rana ta yi tsaka. Wanda aka rubuta wa wat 150 galibi za a ga bolt 18 da amper 8.3, in ka ninka za ka samu kusan 150. A yankinmu ana iya ƙiyasta awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana a wuni. In muka ɗauki 5, to 150 sau 5 ya ba da 750. A cire kamar rubu'i saboda zafi da ƙura da asarar caji, saura wajen 560. Ashe ga gidan da ke cin 600 kullum, wannan panno bai isa ba, batirin zai riƙa kwana da yunwa har ya mutu, a kuma ɗora laifin a kan mai shago. Zafin bazara yana rage ƙarfin panno, ƙurar hunturu ma haka, don haka goge shi da tsumma mai laushi kowace safiya riba ce.

Mai saye kuma yana iya gwada panno kafin ya biya. A fitar da shi rana tsaka, a auna bolt ɗinsa babu komai a haɗe, a kuma auna amper ɗinsa da awon da zai iya ɗauka. A ninka biyun, a ɗauki kashi uku cikin huɗu, abin da ya fito shi ne kusan ƙarfinsa na gaskiya. Panno da aka rubuta wa wat 150 amma ya ba da bolt 22 da amper 5 da rana tsaka, sama garau, lissafi ya nuna bai wuce wat 80 da ɗoriya ba. Gani ya kori ji.

Maganar rai

Lissafin nan ya shafi jikin ɗan Adam ma. Jiki yana da turjiya, kuma tana raguwa ƙwarai in hannu ya jiƙe ko mutum na tsaye cikin laka. A irin wannan hali tana iya sauka zuwa wajen om 1,000. A raba bolt 220 da 1,000, an samu amper 0.22. Adadin kamar kaɗan ne, amma abin da ya haura amper 0.03 in ya ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. Wutar inbata da ta janareto bolt 220 ce, kuma tana kisa kamar ta gari. Masu lambu da ke jan waya cikin ruwa zuwa bakin rijiya, da yaran da ake aika su kunna inji da jiƙaƙƙen hannu, ya kamata a ja musu kunne.

Abu na ƙarshe da dattijon ya yi kafin mu bar ƙauyen shi ne sa fiyus a kan jar waya dab da batir. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi domin ya narke in amper ya wuce adadin da aka rubuta masa, ya tsinke kafin wayar gida ta ƙone. Kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba. Da yana nan tun farko, da salular mutane ba ta ƙone ba. Ya kuma gargaɗi yaron da cewa in fiyus ya tsinke, a nemi dalili tukuna, kada a maye gurbinsa da ƙusa ko guntun waya, domin yin haka daidai yake da korar mai gadi a bar ƙofa buɗe.

Ilimin yana nan, isar da shi ya rage

Idan mai karatu bai manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a farkon watan Agusta, a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Ba a maido ta ba sai cikin Maris 2024. A waɗannan watanni har mutanen birni sun koma neman panno da batir, a ƙarshen 2023 kuma aka soma amfani da tashar hasken rana ta Goru Banda kusa da Yamai mai ƙarfin wat miliyan 30. Wannan ya nuna hanyar da aka dosa, kuma kayan za su ci gaba da shigowa ƙauyukanmu, ko mun iya lissafinsu ko ba mu iya ba.

Abin takaicin shi ne ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, wanda kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana shugabantar ma'aikatar binciken hasken rana ta ƙasa, ONERSOL, tun lokacin da duniya ba ta damu da wannan fanni ba. Shi ne kuma ya yi ta kira da a koyar da ƴaƴan Afirka cikin harsunansu. Ga shi yau lissafin Ohm yana cikin littafin ɗan koleji da Faransanci, mai haɗa panno a ƙauye kuwa, wanda shi ne ke buƙatarsa kullum, babu wanda ya taɓa faɗa masa shi da Hausa.

Muna kira ga malaman kimiyya na makarantun Waca da Magarya da Dungas da su riƙa fitar da ɗalibai daga aji, su kai su rumfar mai caji da bakin rijiyar lambu da awo a hannu. Muna kira ga masu sayar da kayan wuta da su ji tsoron Allah, su tambayi mai saye abin da zai kunna da nisan da zai ja waya kafin su yanka masa. Su kuma matasa masu haɗa wuta, su mallaki ɗan awon nan, domin kuɗinsa bai kai na batir ɗaya da ya lalace ba. Ga mai gida kuwa, kafin ya ƙara wani kaya a kan batir, ya duba wat ɗin da aka rubuta, ya raba da 12, ya tambayi kansa ko wayarsa za ta ɗauka. Da dare kuma in kaya suna kunne, ya ɗan shafa wayar da mahaɗanta, in ya ji ɗumi, to kuɗinsa ne ke ƙonewa, kuma gargaɗi ne.

Matashin nan ya sake kiran mu cikin shiri bayan ƴan makonni. Ya ce talabijin ta daina ɗaukewa, batirin kuma yana kai shi har asuba, sai dai har yanzu yana biyan bashin salular da ta ƙone kaɗan-kaɗan. Allah ya buɗa masa, ya kuma tsare mu da gidajenmu daga gobara, amin.